Inda Za a Yada Zango: Jagorar Mai Zagayen Garuruwan Masana'antu Daga Dumega

Fatake ba sa tashi sai madugu ya san inda ayari zai kwana. Tun kafin a ɗora wa jaki mangala ya riga ya lissafa rijiyar da za a sha, da garin da ke da fatoma, da dajin da ba a yarda duhu ya riski mutane a cikinsa ba. Mota ta rage nisa, amma ba ta ɗauke wa matafiyi wannan lissafi ba. Wanda ya fito daga Dumega da niyyar ya ga inda aka ɓare gyaɗar kakanninmu, da inda aka gurza auduga, da inda ake ƙona dutse ya koma siminti, ya fi mai zuwa biki ko ta'aziyya bukatar lissafin madugu.

Ginin tsohuwar masana'anta ba ya tsare mutum. Katanga ce, da dogon bututun hayaƙi, da sito mai rufin kwanon da tsatsa ta cinye. Rabin awa ka gama kallo. Labarin yana bakin waɗanda suka yi aiki a ciki, su kuwa ba a samunsu da tsakar rana. Sai la'asar ta yi sanyi suke fitowa ƙofar gida ko bakin masallaci, hira kuma ba ta nuna sai bayan isha'i, an ɗora shayi a wuta. Garin da ka kwana shi ne garin da za ka sani. Sauran ratsa su kawai ka yi. A kan wannan na gina duk abin da ke tafe, tare da sharaɗi guda wanda ba na sassauta wa kowa: a shiga gari da sauran rana.

Lissafin hanya

Hanya biyu ke fitar da mutumin Dumega zuwa babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Difa, wadda ake kira RN1. Ko ka bi ta Tibiri ka ɓulla Kore Mairuwa, ko ka bi ta Geceme ka faɗa Bolbol. Mai nufin gabas ta Tibiri zai bi, ya wuce Dogon Dutsi. In kana waya da mai masaukinka na Maraɗi ka fayyace masa Tibirin Arewa kake nufi, don shi da ya ji sunan sai ya zaci kana Tibirin Gobir, bayan gidansa, ya sa a zuba maka tuwo.

Daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni kimanin kilomita 145 ne. Daga Ƙonni zuwa Malbaza wajen 35, zuwa Madawa wajen 90, zuwa Maraɗi wajen 240. Daga Maraɗi zuwa Zinder ma kusan 240 ɗin ne, Tasawa tana tsakiya. Kada ka raba waɗannan da gudun da allurar mota ke nuna maka. Ni shawarata ka lissafa kilomita 60 a kowace awa, don akwai shingen jandarma, da na 'yan sanda, da na duwan, da wurin biyan kuɗin hanya a bakin manyan garuruwa, da tuddan rage gudu a kowane ƙauye, da garken shanu masu tsallakawa, da salla. Rasit ɗin kuɗin hanya ka adana shi kusa da hannu tare da katin ɗan ƙasa, da lasin tuƙi, da takardun mota da na inshora. Wanda ya tsaya laluben jaka a kowane shinge shi ke tara wa kansa awa guda a banza.

Akwai wani abu da masu tafiya gabas kan manta. Agogon Nijar ɗaya ne, amma rana ba ta bin agogo. A Zinder tana faɗuwa kusan minti 20 kafin ta faɗi a Dogon Dutsi. Lokacin ɗari, wajen ƙarfe 6 da 'yan mintoci an kira magriba, ga hazo ya cinye sauran hasken. Da bazara da farkon damina takan kai wajen ƙarfe 7. Saboda haka kada ka ɗaure zuwanka da magriba. Ka ɗaure shi da la'asar: sallar la'asar ta same ka a garin da za ka kwana. Tazarar da ke tsakanin la'asar da magriba ita ce ajiyarka ta faci, da tafasar inji, da neman ɗaki na biyu in na farko bai yi ba.

Tafiyar dare a wannan hanya ba jarunta ba ce. Babbar mota takan mutu a tsakiyar kwalta, ba fitila, sai 'yan rassan itace da yaron mota ya jera a baya. Amalanke na dawowa daga kasuwa ba haske. Raƙumi ba ya gudun fitila. Ga kuma abin da kowa ya sani a 'yan shekarun nan: kwaltar tana tafiya kusa da iyakar Nijeriya, kuma tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, da kuma yankin Gidan Rumji da Madarumfa, an sha fama da 'yan bindiga. Halin hanya yana sauyawa daga mako zuwa mako. Wanda zai gaya maka gaskiyarsa shi ne direban da ya biyo ta jiya. Kowace safiya, kafin ka tada mota, ka leƙa tasha ka tambayi direbobi da 'yan kamasho, ka kuma tambayi jandarman shingen fita. In sun ce a dakata, ka dakata. Ka tambaya kuma ko akwai dokar hana yawon babur ko ta hana fitar dare a inda ka nufa.

Daren farko: Ƙonni, Malbaza ko Madawa

Wanda ya bar Dumega bayan asuba, in Allah ya kiyaye hanya, zai yi azahar a Birnin Ƙonni. A nan shawara mafi wuya take, don garuruwa uku ne ke kiransa.

Malbaza ita ce dalilin tsayawa. Masana'antar siminti ta kamfanin SNC ta fara aiki a nan a 1966, kuma shekaru masu yawa ita kaɗai ce irinta a faɗin Nijar. Ba don son ran wani aka kafa ta a wurin ba: tsaunukan Adar cike suke da dutsen farar ƙasa, kuma mutanen ƙauyukan kwarin Magiya sun daɗe suna tsinto duwatsun jifsin da hannu suna sayar wa masana'antar. Yanzu sabuwa ta tashi, ta fi tsohuwar girma nesa ba kusa ba. A garin ne kuma SONARA, kamfanin gwamnati mai sayen gyaɗa, ya kafa ɗaya daga cikin injunansa na ɓarar gyaɗa. Sauran suna Dosso da Caduwa. Ke nan a Malbaza za ka tarar da sana'ar da ke raye da wadda ta mutu suna maƙwabtaka, kuma akwai dattawan da suka ga tashin duka biyun. Sai dai garin ma'aikata ne da direbobin manyan motoci masu jiran lodi, ga ƙura, kuma ɗakunan haya na baƙi ba su kai na Ƙonni yawa ba.

Ƙonni kuwa garin kan iyaka ne, Illela tana 'yan kilomitoci kudu da shi. Akwai otal, akwai makanikai da masu kayan gyara, akwai gidajen mai da 'yan canji, abinci kuma ba ya yankewa. Abin da babu shi ne shiru, musamman kusa da tasha, inda motocin Yamai da na Zinder da na Agadas ke haɗuwa. Laraba ce kasuwar garin, don haka daren Talata ɗaki yakan yi wuya.

Ga yadda nake gani. In kana da mai masauki a Malbaza, ko da surukin abokin wanka ne, can za ka kwana, ka manta da fankar otal. Dare ɗaya a tabarmar tsohon ma'aikacin tanderu ya fi duk abin da za ka karanta. In ba ka da kowa, ka kama ɗaki a Ƙonni da azahar, ka ajiye kaya, ka ci abinci, sannan ka wuce Malbaza ka yi la'asar a masallacin da ke kusa da unguwar ma'aikata. Ka gaisa da mutane, ka nemi dattijon da za ka zauna da shi, ku yi alkawarin safiya, ka juyo Ƙonni kafin rana ta faɗi. Dattawa suna da lokaci na biyu, daga bayan asuba zuwa hantsi, kuma wanda ya ga ka dawo kamar yadda ka ce zai saki jiki da kai fiye da jiya. Mutane suna ƙyashin komawa baya kilomita 35, suna ganin asarar mai ce. Litar da za ka ƙona ba ta kai darajar barci da kwanciyar rai ba, kuma gobe ai ta Malbazar za ka wuce.

Madawa tana da nata haƙƙin. Nan ne kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya kafa injin gurza, garin kuma ya yi suna wajen saƙar tabarma. Ta dace da wanda ya gama da Malbaza tun kafin la'asar, ya ratsa Galmi, garin albasa da asibitin mishan da ke aiki tun 1950. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce za a haɗa Dumega da Maraɗi a yini guda kuma a tsaya kallo a hanya. Motar kamfani tana yin wannan nisa don ba ta tsayawa. Kai in ka gwada, Malbaza za ka gani ta gilashi, magriba kuma ta kama ka wajen Gidan Rumji.

Wanda ke son ya ga 'yar'uwar Malbaza ta ƙetare, tana Kalambaina, bakin Sakkwato, inda kamfanin siminti na Arewacin Nijeriya ya fara aiki a 1967; daga Ƙonni bai kai kilomita 100 ba. Amma iyaka ba abin dogaro ba ce. An rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa 2024, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. Ka tabbatar da takardun da ake nema, ka bar motarka a Ƙonni hannun amintacce, ka shiga ta haya da sassafe, ka kuma shirya kwana a Sakkwato maimakon tseren dawowa da yamma.

Masaukin kansa

Masauki iri huɗu ne a wannan hanya, kuma ba daidai suke ba.

Na gaba da kowanne ga mai irin wannan tafiya shi ne gidan mutum. Yana da ladabinsa. A sanar tun kwana biyu ko uku kafin zuwa, a faɗi yawan mutane, a faɗi ko da mata a ciki don uwargida ta shirya musu ɗaki a cikin gida. Kada a sauka bayan an gama rabon tuwo. A riƙo tsaraba: in lokacin rake ne, damin raken Dallol Mawri ya isa ya faranta ran gida guda, a haɗa da goro da sukari da ganyen shayi. Ba a miƙa wa maigida kuɗi kamar ana biyan haya, cin fuska ne. Ranar tafiya sai a ba uwargida abin cefane, a ba yara na alewa. Baƙunci kwana uku ne a addini, amma mai hankali yakan duba rumbun mai masaukinsa, balle a watannin da hatsi ya yi tsada. A ƙaramin gari ka roƙi maigidan ya kai ka ka gaida maigari ko mai unguwa. A zamanin da ake ciki baƙon da ba a san da zuwansa ba, yana yawo yana tambayar hanyar masana'anta, zai iya jawo wa kansa da mai masaukinsa tuhuma.

Sai gidajen saukar baƙi na ma'aikatun gwamnati, da na ƙungiyoyin raya karkara, da na mishan. Galibi suna da tsabta, da katanga da maigadi, kuɗinsu kuma da sauƙi, amma ma'aikatansu ne a gaba. In an zo taro sai a ce maka babu wuri. Waya ake yi tukuna. Sannan otal. Tsofaffin sunaye irin su Magama a Dogon Dutsi, Kado a Ƙonni, Jangwarzo a Maraɗi da Damagaram a Zinder kowane direba ya san su, sababbi kuma sun ƙaru. Otal yakan sauya hannu, saboda haka labarin wanda ya kwana bara bai isa ba. Na huɗu shi ne tashar kamfanonin sufuri, irin su Rimbo da STM da Al Izza, inda mai tikiti kan shimfiɗa tabarma ya jira motar asuba. Ga wanda ke tafiya a motar kamfani, aljihu kuma ba nauyi, wannan ba abin kunya ba ne, kuma akwai tsaro. Barci ne dai kaɗan.

Duk inda za ka biya kuɗi, ka ga ɗakin da idonka kafin ka sauke jaka, a kuma gama ciniki a tsaye. Ka murɗa famfo. In bai kawo ba ka tambayi inda randa ko tanki yake, ka sa a cika maka bokiti tun da rana. Ka tambaya in wuta ta ɗauke me ake yi, akwai janareta ko hasken rana, kuma har ƙarfe nawa ake barinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin siminti marar fanka ba ya kwantuwa, gara tsakar gida. Ka ɗaga katifa ka duba ɗinkinta da gefen gado saboda kuɗin cizo. Sange kuwa ka taho da naka daga gida, da igiya da ƙusa biyu, don daga Yuli zuwa Oktoba sauron Ƙonni da na gulbin Maraɗi ba ya raga wa baƙo. Sannan mota: tana kwana cikin katanga, ƙofa a rufe, maigadi a kai, ko kuwa a titi? In a titi ne, wuce gaba. Ka kasa kunne kuma ka ji abin da ke maƙwabtaka. Wurin da ke jikin mashaya ko gidan rawa ba na mai iyali ba ne, ba kuma na mai son sammako ba. Za a ba ka takardar rajistar baƙi ka cika da lambar katinka. Doka ce, kuma kariya ce gare ka.

Kafin duhu ka sallami bukatun gobe. Ka sha mai a gidan mai. Na 'yan ruwa-ruwa na bakin hanya ya daina arhar da aka san shi da ita tun da Nijeriya ta cire tallafi a 2023, kuma ba kullum yake da tsabta ba. Ka sa mai faci ya duba iskar tayoyi har da ta ajiya. Kuɗi kada ka ɗauko su dunƙule. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza suna da rassa a duk manyan garuruwan nan, ka riƙa cira daidai bukata. Ka bugo gida ka faɗi sunan masaukinka da na garin da za ka kwana gobe.

Yadda ake samun dattawan ba wuya. Mai shayi na bakin ƙofar masana'anta, da mai faci, da maigadi, da limamin unguwa duk sun san wanda ya yi shekaru a ciki. In an kai ka, ka durƙusa ka gaisa sosai, kada ka fara da tambaya. «Baba, an wuni lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ni ɗanku ne daga Dumega, ƙasar Arewa. An ce mini kun yi aiki a gidan siminti tun farkonsa, shi ne na ce bari in zo in sha labari.» Daga nan ka bar shi ya ja zaren. Tambayoyin da ke buɗe baki su ne ƙanana: wa ya kai ku aikin, nawa ne albashin farko kuma me aka saya da shi, da me ake kiran ma'aikata in lokaci ya yi, ina kuke ranar da aka ce an rufe. Kada ka kunna rikoda sai ya yarda. Wasunsu an sallame su ba tare da cikakken haƙƙi ba, ciwon yana nan. In ya yi shiru kai ma ka yi.

Shiga cikin masana'antar da ke aiki ba a hannun maigadi yake ba, kada ka matsa masa. Takarda ake rubuta wa shugabanninta tun da kwanaki, kuma wasiƙar gabatarwa daga magajin garinku ko shugaban makarantarku tana taimakawa ƙwarai. Hoto kuwa, ko na kangon da aka bari ne, sai da izini. Na gada da bariki da matatar mai kada ma ka fara. Ofisoshi suna tashi da azahar ranar Juma'a, ba sa buɗewa Asabar da Lahadi, saboda haka ranar tashi daga gida tana cikin zaɓen zango. Wanda ya tashi Litinin zai kwana Ƙonni kafin cunkoson kasuwa, ya ga Malbaza Talata da safe, ya kwana Maraɗi Talata da Laraba, tsakanin kasuwanninta na Litinin da Juma'a, ya shiga Zinder Alhamis, ranar babbar kasuwarta, ya sami safiyar Juma'a ta ofis.

Maraɗi ta ci kwana biyu

Kada ka yi wa Maraɗi rowar dare. Nan ne cibiyar labarin gyaɗa, kuma labarin namu ne, don da kuɗin gyaɗa talakan karkara ya biya haraji ya sayi turmin atamfa. A 1942 aka kafa matsar man gyaɗa ta Siconiger, wadda daga baya ta koma Olga Oil. A 1945 ambaliyar gulbi ta ci tsohon gari, aka tashi aka hau tudu, aka yanka tituna a miƙe. Shi ya sa tsarin Maraɗi bai yi kama da na Katsina ko Zinder ba. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka kafa kantuna da sikeli, 'yan kasuwar gari suka zama masu saya musu a ƙauyuka, daga cikinsu alhazan Maraɗi suka taso, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Da fari gyaɗar Kano take nufa, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, ta wuce Ikko. Daga 1953 Faransawa suka karkata wani kaso ta Dosso da Gaya zuwa Paraku da Kwatano, wato ta ƙofar gidanmu ta riƙa wucewa a manyan motoci. A 1962 SONARA ta karɓi cinikin. Sai farin 1973 da 1974, sai kuturtar gyaɗa a 1975, manomi ya koma wa gero don ya tsira, yuraniyom ya hau kujerar da gyaɗa ta bari, injuna suka rasa abin ci.

Duk wannan ba ya shiga yini guda. Rana ta farko ta unguwar masana'antu ce, wurin matsar mai da tsohuwar majemar SONITAN da sitocin da suka zama ma'ajiyar 'yan kasuwa. Yammacinta da daren biyu na tsofaffin unguwanni ne, Bagalam da Mokoyo da Maradawa, inda za ka sami wanda ya riƙe sikeli, da wanda ya yi dakon buhu, da tsohuwar da har yau take matse mai ta soya ƙuli-ƙuli da tunkuza. Ita ma ka zauna da ita, ko matar da ke cikin tafiyarku ta zauna. Masana'antar da ba ta taɓa rufewa ba tana tsakar gidanta. Ka nemi masauki tsakanin waɗannan wurare biyu, nesa kaɗan da tasha. Masu hira za su kawo maka zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ka saurari abin da tsohon ɗan kasuwa ke fata daga gare shi.

Zuwa Damagaram

Caduwa tana kimanin kilomita 40 gabas da Maraɗi, tsayawar hantsi ce. Tarkon wannan rana yana Takeita, inda hanya ta rabu zuwa Matamai. Matamai da Magarya duka sun yi matsar man gyaɗa a zamaninsu, zuciya kuma za ta ce ka ratse yanzu tun da ga hanya. In azahar ta wuce kada ka ratse. Ka shiga Zinder ka kafa sansani, washegari ka je ka dawo, kowannensu bai wuce tafiyar awa biyu ba. Wanda ya makara a Maraɗi kuwa ya kwana Tasawa, gari ne babba mai masauki.

Zinder ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926, kuma ƙarancin ruwa yana cikin abin da ya sa aka mayar da shi Yamai. Har yanzu tambayar farko ga mai masauki a nan ita ce ta ruwa. Unguwar Zango, wadda ayarin Sahara suka raya, ta fi kusa da kasuwa da abinci. Birni na da fadar Sarkin Damagaram da tsofaffin gine-gine. Majema da sassafe ake zuwa, kafin rana ta tada wari. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, tana kimanin kilomita 50 arewa da gari a hanyar Tanut. Ba wurin kwana ba ne, ba kuma wurin zuwa ba takarda ba. Ba'are yana da wata gata a Damagaram: Barebari abokan wasanmu ne, kamar Fulani. In dattijo ya ji daga inda ka fito ya fara yi maka tsiya, ka rama da ladabi, ƙofa ce ta buɗe.

Dosso ba ta bukatar kwana ga mutumin Dumega. Ta Bolbol za ka je ka ga wurin SONARA da tashar jirgin ƙasan da aka ƙaddamar a 2016, layin kilomita 140 daga Yamai wanda bai yi jigilar da aka yi masa buri ba, ka dawo da rana.

Arewacin ƙasa kuwa wata tafiya ce daban. A Tsarnawa, gaba kaɗan da Ƙonni, hanya ta rabu zuwa Tawa, daga can Agadas wajen kilomita 400, sannan Arlit wajen 240. Can ne gawayin SONICHAR na Cirozerin yake, wanda ke ba da wuta tun 1981, da SOMAIR da ta fara haƙo yuraniyom a 1971, da Akokan, inda COMINAK ta yi aiki daga 1978 har ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Mutanen Akokan suna cikin abin da Caduwa da Matamai suka shiga shekaru da dama da suka wuce, kuma sun cancanci a je a saurare su tun abin yana ɗanye. Amma kwaltar da kuɗin yuraniyom ya shimfiɗa ta lalace ƙwarai, garuruwa sun yi nisa da juna, sha'anin tsaro kuma ya fi na kudu nauyi. Kada ka kai ƙaramar motarka. Ka bi motar kamfani, ka kwana Tawa, ka kwana Agadas, kada kuma ka nufi Arlit sai akwai wanda ke jiranka da sunanka.

A dawowa daga Zinder ka sauya zango. Inda ka ratsa da rana a zuwa, nan za ka kwana a komowa: Tasawa maimakon Maraɗi, Madawa maimakon Ƙonni, ko Malbaza in dattijon da kuka yi hira ya ce gidansa gidanka ne, abin da sau da yawa yakan faru. Tafiyar da ta nufi yamma da safe ake cin ta, don daga la'asar rana tana cikin idon direba har ta faɗi. Daga Madawa, mai sammako zai yi azahar a Dogon Dutsi. In wani abu ya riƙe ka har la'asar ta wuce kana can, ka kwana, ko da gida ya yi kusa; ragowar hanyar ta Kore Mairuwa da Tibiri a bar wa safiya.